Tambaya da Amsa: Me Ke Kwance a Ƙarƙashin Filin da Ka Saya?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonnin da suka taru kusan duk hanya ɗaya suka bi, wannan ya sayi fili yana zargin abin da ke ƙasansa, waccan ruwan rijiyarta ya canza wari, wani kuma ɗalibi ne da malaminsu ya ɗora masa aiki shi kuma ya ɗoro min. Na zaɓi guda shida, sauran ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, gari kawai nake ambata.

Tambaya ta farko, daga wani magidanci a Kano:

"Malam barka da aiki. Na sayi fili a wata unguwa cikin gari, an gama ciniki har shaidu sun sa hannu, sai wani dattijo maƙwabcin wurin yake ce min ai da can kududdufi ne, shara aka yi ta zubawa shekara da shekaru har ya cike sannan aka yanka aka sayar. Ni kuma niyyata in yi gini in haƙa rijiya. Dillalin ya ce ba komai tunda an bi kai da jar ƙasa. Dan Allah ya zan yi in gane ko wurin lafiya yake?"

Alhaji, da farko dai ka nemi dattijon nan ka kai masa goro, don wallahi ya yi maka aikin da ƙwararru ke karɓar kuɗi a kansa. Duk inda za a binciki fili a ga ko akwai guba, ba da na'ura ake farawa ba, da tarihi ake farawa. Me aka taɓa yi a wurin? Bola ce, majema ce, marina ce, garejin kanikawa ne da ake tsiyaye baƙin mai a ƙasa, ko wurin masu fasa tsohon batir ne? Kowanne da irin abin da yake bari. Mai fasa batir dalma yake bari, majemar zamani sinadarin kuromiyam take bari, gidan mai kuwa fetur da gas. In ba ka san me aka yi ba, ba ka san me za ka ce a gwada maka ba, kuma ɗakin gwaji abin da ka ce su nema kawai za su nema, ba boka ba ne su.

To ka koma wurin dattijon ka zauna sosai. Ka tambaye shi zurfin kududdufin, yaushe aka fara cike shi, sharar gidaje ce kawai ko har motoci na kawo ta kamfani ko ta asibiti, kuma ina bakinsa ya tsaya, don mai yiwuwa rabin filinka ne a kai rabi kuma a kan ƙasa mai kyau. Ka haɗa da mai unguwa. Sannan in kana da yaro mai kwamfuta ya buɗe maka Google Earth, akwai wurin da ake komawa baya a ga tsofaffin hotunan sama na unguwa, sau da yawa za ka ga ruwan kududdufin ɓaro-ɓaro kafin a cike shi.

Maganar dillali kuwa, dillali ne, la'adarsa ya riga ya karɓa. Jar ƙasar da aka zuba ta rufe wa ido ne kawai. Sharar tana nan a ƙasa tana ruɓewa, kuma abu uku take jawowa. Tana lotsawa a hankali, shi ya sa za ka ga gida sabo fil bayan damina biyu uku bango ya tsage ƙofa ta ƙi rufuwa. Tana fitar da iskar da ke iya kamawa da wuta in ta taru a rufaffen wuri. Na ukun shi ne ya fi damuna, ruwan sama in ya ratsa ta yana fitowa da wani baƙin ruwa mai wari da ya kwaso duk abin da ke cikin bolar, ya gangara ya haɗu da ruwan da rijiyoyin unguwa ke ja.

Nan ne ilimin duwatsu da ƙasa ke shigowa, don ba kowace ƙasa ce ke barin ƙazanta ta wuce ba. Yashi da tsakuwa kamar rariya suke, abin da ka zuba zai wuce. Yumɓu kuwa kamar gindin tukunya yake, yana tare ruwa kuma yana riƙe ƙarafa irin su dalma a jikinsa. Birnin Kano a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, irin wanda ya shimfiɗu har Zariya da Kaduna, kuma ruwan da muke samu a rijiya ba wani kogi ba ne a ƙarƙashin ƙasa yadda mutane ke zato, ruwa ne da ke maƙale cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke saman mai taurin, da kuma cikin tsagogin dutsen. Wannan ruɓaɓɓen ɓangaren ba shi da nisa da sama, shi ya sa rijiyoyinmu na hannu ke saurin gurɓata. Kuma ka lura, kududdufi ai rami ne da aka yi ta ɗibar ƙasar gini a ciki, wato an riga an kwashe ƙasar da ya kamata ta tace ruwan, a wasu ma har an taɓo ruwan ƙasa shi ya sa ba sa ƙafewa ko da rani. Kaga kenan sharar a cikin ruwan unguwa take jiƙe kai tsaye.

Abin da zan ba ka shawara, kafin ka sayi bulo ko ɗaya ka sa a haƙa ramukan gwaji uku ko huɗu a kusurwoyi da tsakiya, a yi ta tafiya har sai an wuce leda da tsumma da kwalabe an tarar da ƙasar asali, kuma kar a bar mai haƙa ya shiga rami mai zurfi shi kaɗai ba kowa a sama. In an yi mita uku ana ta fito da leda to injiniya ne zai faɗa maka irin fandishon da wurin ke so, kuma ka shirya, zai ci kuɗi. In kana da hali ka kira masu awon nan da ake kira kafin a haƙa bohol, waɗanda ke kafa ƙarafa a ƙasa su ja waya su tura lantarki. Ruwan bola yana da gishiri-gishiri da yawa a narke, don haka lantarki na ratsa shi da sauƙi fiye da ƙasa mai tsabta, a awon sai ka ga inda tsohon ramin ya tsaya da kuma gefen da ƙazantar ta nufa. Amma fa awon lantarki nuni kawai yake yi, yumɓu ma haka yake nunawa, sai an ɗebi ƙasa da ruwa an kai gwaji ake tabbatarwa. Rijiyar hannu dai a tsakiyar wurin nan ni ban ba ka shawara ba ko kaɗan. In bohol ne, a wuce sharar da nisa, a sa bututu marar huji a saman, a zuba siminti a zagaye shi don kar ruwan sama ya bi jikin bututun ya sauka, wannan simintin shi ne abin da masu aikin gaggawa suka fi tsallakewa, ka tsaya a kansu ranar.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗalibi a Gusau:

"Malam an ba mu aiki a makaranta kan gubar dalmar da ta kashe yara a jiharmu. Abin da ban gane ba, ai ana haƙar zinare a wurare da yawa ba a mutuwa haka, me ya sa namu ya zo da haka? Kuma ta yaya aka gane gidan da ke da guba da wanda babu tunda ƙasa duk iri ɗaya ce a ido?"

Ɗana ka yi tambaya mai kyau, kuma in ka fahimci amsarta ka fahimci rabin wannan fannin. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF da ke zagayen ƙauyuka suka lura ana ta binne ƙananan yara a yankunan Anka da Bukkuyum, yaro ya yi amai, ya yi jijjiga, ya rasu, an ba da maganin zazzaɓi ba ya ji. Mutanen ƙauyukan ma sun ce tun kafin nan agwaginsu suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Da aka aika jini gwaji sai ga dalma. A ƙauyuka biyu na farko da masu bincike na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, suka bi gida-gida, sun tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya ana maganar yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka sha gubar. Na'urar hannu da ake auna dalma a jini da ita iyakarta lamba 65 take karantawa, yara da yawa sun wuce abin da za ta iya nunawa, alhali daga 45 ake fara ba yaro maganin wanke jini.

Me ya sa can? Dutsen ne. Zinaren yankin Anka a cikin jijiyoyin farin dutse yake, kuma wasu jijiyoyin Allah ya haɗa su da ma'adinin dalma mai yawa, wani dutse mai nauyi mai ƙyalli kamar tozali. Zinaren da ake wankewa a yashin rafi ba ya zuwa da irin wannan, shi ya sa ba a ga haka a ko'ina ba. Sannan akwai abu na biyu da masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka gano da suka duba samfurin, dalmar ba a yadda ta fito daga zurfi take ba, dubban shekaru na ruwan sama da iska sun riga sun juya mai yawa daga cikinta zuwa wani nau'i da ke narkewa nan da nan a cikin ruwan ciki. Wato dutse biyu na iya zama da dalma daidai wa daida a awo, amma ɗaya ya fi ɗaya kisa nesa ba kusa ba. Abu na uku mu ne muka ƙara, farashin zinare ya tashi, aka riƙa kawo dutsen cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi ba ruwa, ana shanyawa a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana sa hannu a baki.

Yadda aka gane gidajen kuwa, da wata na'ura ce ta hannu da ake kira XRF, siffarta kamar ƙaramar bindiga, ana ɗora bakinta a ƙasa ta haska, cikin ƙasa da minti ɗaya ta nuna yawan dalma. Masu aikin, wato wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics da cibiyar Blacksmith mai yaƙi da gurɓatar muhalli tare da ma'aikatan muhalli na jiha, suna zana taswirar kowane gida, ɗaki-ɗaki, tsakar gida, madafa, bakin rijiya, lungu, dandali, su auna su rubuta. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin don wurin wasan yara miligiram 400 ne a kowane kilo na ƙasa. A wasu wuraren niƙa an samu sama da 100,000, wato in ka ɗebi mudu goma na ƙasar a nauyi, ɗaya dalma ce zalla. Kuma sun auna zurfi, nan suka ga gubar ba ta nutse ba, a 'yan santimitocin sama take kwance tunda ƙura ce aka barbaɗa. Wannan ne ya sa maganin ya yiwu da fartanya da shebur da baro, a kankare saman kamar santimita 5, a sake aunawa, a kwashe a kai ramin da aka tanada a binne, a kawo ƙasa mai tsabta wadda ita ma sai an auna ta a shimfiɗa. Da a ce gubar ta yi zurfin mita biyu da sai dai a tashi garin.

Dareta da 'Yargalma aka fara sharewa a 2010, sannan Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 bayan an yi ta kiraye-kiraye gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Kuma ka sa wannan a aikinka don malamai na son sa, likitoci ba sa fara ba yaro maganin sai an share gidansu, don in ka wanke jini ka mayar da shi kan ƙasar nan aikin banza ka yi. A 2015 irin haka ta sake faruwa a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ni abin da ke ci min rai shi ne dutsen da ke ɗauke da dalma ana iya gane shi tun a bakin rami da wannan na'urar kafin ya shigo gari.

Tambaya ta uku, daga wata baiwar Allah a Maraɗi:

"Malam mijina ya ce in dai bohol ya yi zurfi sosai to ruwansa ba ya buƙatar wani gwaji, tunda ƙazanta ba ta kaiwa can. Haka ne?"

Hajiya, ki gaishe da maigida, ki ce masa rabin maganarsa gaskiya ce. Zurfi na kare ruwa daga masai da kwata da bola, musamman in akwai yumɓu mai kauri a tsakani, kamar yadda yake a Maiduguri inda ruwan ƙasa hawa uku ne kuma na tsakiya da na ƙasa yumɓu ya rufe su. Sai dai ba duk guba ce ɗan Adam ke zubawa ba, wata daga jikin dutsen take narkewa, kuma ruwan da ya daɗe kwance a zurfi shi ya fi samun lokacin jiƙa dutse.

Misalin ma a ƙofar gidanku yake. Tibiri, nan kusa da ku, a tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa garin da ruwan wata rijiya mai zurfi, ruwa garau ba wari ba ɗanɗano, aka sha kusan shekara 15. Ashe sinadarin fulorayid ya yi yawa a ciki, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. Yaran da suka tashi a kan ruwan nan haƙoransu suka yi ja suka lalace, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu suka lanƙwashe, har yau akwai waɗanda ke fama. Ba wanda ya zuba komai a rijiyar nan, daga ƙasar ne. A Najeriya ma yankunan Kaltungo da Langtang an san su da jan haƙori saboda wannan sinadarin. Don haka in kin ga yaran unguwa da yawa haƙoransu da ɗigo-ɗigon fari kamar alli ko ruwan goro alhali ba goro suke ci ba, a gwada ruwan. Kuma kar a ce za a tafasa, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, fulorayid da dalma suna nan, in ma ruwan ya ƙone ya ragu sai su ƙara kauri.

Tambaya ta huɗu, daga wani mai shago a Kaduna:

"Malam rijiyar gidanmu ta fara warin fetur tun bayan damina, akwai gidan mai a bayan layinmu amma da ɗan nisa, akwai gida huɗu tsakaninmu kuma su rijiyarsu lafiya lau. Manajan ya ce da daga wurinsu ne da na kusa za su fara ji."

Yallaɓai kafin komai, a daina sha, a daina girki da shi, kar kowa ya shiga rijiyar da sunan yasa, kuma kar a kusance ta da ashana ko sigari ko janareta. A buɗe ta ta sha iska amma a kange yara.

Hujjar manajan tana da daɗin ji amma ƙasa ba haka take aiki ba. Fetur in ya tsiyaye daga tankin da aka binne yana sauka har ya tarar da ruwa, sai ya kwanta a samansa tunda ya fi ruwa rashin nauyi, daga nan ya bi inda ruwan ƙasa ke gangarawa, ba ya bazuwa ko'ina daidai kamar an zuba a faranti. A irin dutsen Kaduna kuma tsaga yake bi, tsaga ɗaya na iya ratsa ƙarƙashin gida huɗu ba ta taɓa rijiyarsu ba ta faɗo a taka. Zancen bayan damina ma ya yi daidai, ruwa ya taso ya taɓo man da ke maƙale a ƙasa ya kwaso shi. Amma kar ka ɗauka na yanke hukunci, zai iya zama wani maƙwabci ne ke ajiye jarkokin bumburutu ko tankin janaretansa ke yoyo, ni na taɓa zuwa wani gida aka gama zagin gidan mai ashe daga bayan ɗakin maigidan ne.

Yadda ake kamo bakin zaren, ana auna tsayin ruwa a rijiyoyi aƙalla uku da ba a layi ɗaya suke ba, da asuba kafin a fara ja, safiyo ya daidaita bakin rijiyoyin da ma'auni ɗaya, daga nan za a san gefen da ruwa ke gangarowa. Sannan a ɗebi ruwa daga taku da na maƙwabta har da wata da ke can sama da gidan man don kwatance. A kwalbar gilashi ake ɗiba, a cika ta fal ba iska, a sa a kula da ƙanƙara, don abin da ake nema yana gudu cikin iska. Ku rubuta takarda ku da maƙwabta ku kai hukumar muhalli ta jiha da NOSDRA mai kula da malalar mai, da NMDPRA da ke ba gidajen mai lasisi, ku nemi a gwada tankunan, ku riƙe kwafi.

Kar ka raina abin don wai wari ne kawai. A cikin fetur akwai sinadarin benzin mai jawo kansar jini. Da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a watan Agustan 2011, bayan wata 14 tana aiki da samfuri sama da 4,000, ta tarar a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan da benzin ɗinsa ya ninka ƙa'ida sau 900, ga tataccen mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙasa. Wani abin da rahoton ya rushe shi ne zaton da aka daɗe ana yi cewa akwai shimfiɗar yumɓu a duk yankin da ke tare mai a sama, da aka haƙa aka ga yumɓun ba ko'ina yake ba, a wurare da dama man ya kai zurfin mita 5. Suka ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Tambaya ta biyar, daga wani ango a Zariya:

"Nisan nawa ya kamata tsakanin masai da rijiya? Filina ƙarami ne."

Ango, abin da aka fi faɗa mita 30, in an matsu ƙwarai kar a gaza 15, rijiya ta kasance ta sama masai ta gangare, kuma gindin ramin masai ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu sama da inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta, ba a watan Afrilu ba. Na san a fili mai ƙafa 50 da 50 wannan lissafin ba ya fita, kuma ko ka kiyaye naka sokawen maƙwabci na jingine da katangarka. In haka ne ka ɗauki ruwan rijiyar na wanki da wanka, na sha a tafasa ko a sa kulorin, a kuma gwada shi cikin damina. Ka ce a duba ƙwayoyin cutar bayan gida da sinadarin naitiret, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba, musamman in amarya ta sauka za a dama wa jariri madara da shi. Ruwan gwajin ƙwayoyin cuta ranar da aka ɗiba ake kai shi, cikin sanyi, kar ya kwana a but ɗin mota.

Tambaya ta shida, daga wani manomin rani a Kumbotso:

"Malam ina noman latas da alayyafo a fadama kusa da Challawa. Wasu masu saye sun fara cewa kayanmu da ruwan kamfani ake ba su. Gonata ni da rijiya nake ban ruwa, ba da kwata ba. Ya zan wanke kaina?"

Baba, sannu da ƙoƙari. Zargin ba daga sama ya faɗo ba, rukunin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna da majemu da masaƙu, kuma jami'o'inmu sun sha auna kuromiyam da sauran ƙarafa a ruwan da ke fita daga can zuwa kogin Challawa da Salanta da Jakara. Rijiyarka ta fi kwata, amma rijiyar fadama ba ta da zurfi, yashin da take ja daga ciki a haɗe yake da kogin, sannan in ambaliya na hawa gonar tana barin laka, laka kuwa ita ce mai riƙe ƙarfe. Don haka ƙasar da ruwan da ganyen duka za a duba.

Kar ka ɗebo daga wuri ɗaya. Ka bi gonar a karkace ka ɗebi ƙasa kamar wuri goma, daga sama zuwa tsawon tafin hannu, da cokalin roba ba ƙarfe mai tsatsa ba, ka cakuɗa a roba mai tsabta ka ɗauki kamar rabin mudu a leda ka rubuta suna. Ɓangaren da ruwa ke kwanciya ka yi masa ledarsa daban. Sannan ka ɗebo wata daga jigawar da ambaliya ba ta taɓa hawa ba, ita ce za ta nuna abin da ƙasar yankin ke da shi tun asali, in ba ita ba lamba kawai za a ba ka ba ka san da me za ka gwada ta ba. Sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero ko na Ahmadu Bello a Samaru za su iya yi ko su nuna maka inda ake yi, akwai kuma ɗakin gwajin hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa a Kaduna. Ka ce kuromiyam da dalma da kadmiyam kake so a duba. Kuɗin zai yi wa mutum ɗaya nauyi, ku haɗu ku goma masu maƙwabtaka da juna ku yi karo-karo, in sakamakon ya fito ka ɗauki hotonsa ka turo min ta lambar mujalla in karanta maka abin da lambobin ke nufi.